Filin Gyaran Mota: Sensar Ribas Ta Ƙi Yin Shiru

Tun da damina ta kankama, wasiƙun da ke zuwa wannan fili sun yawaita a kan na'urar nan da ke yi wa direba ƙara idan yana ja da baya, wadda a gareji ake kira sensar ribas. Na zaɓi guda huɗu daga masu a-kori-kura a Gombe da kewayenta, kuma na fi daɗewa a kan ta farko domin amsarta ta ɗauke rabin nauyin sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi, ina da a-kori-kura da na saya ta hannu, tana da sensa huɗu a bambar baya tun daga kamfani, kuma shekara biyu ba ta taɓa ba ni matsala ba. Mako uku da suka wuce na je ɗauko shinkafa a wajen Dadin Kowa, ruwa ya same mu a hanya, motar ta kafe a taɓo har sai da samarin ƙauyen suka turo ta. Tun daga ranar, da na sa ribas sai ta ɗauki ƙara guda ɗaya ba tsayawa, ko da a fili nake babu komai a bayana. Na kai wa wani mai wayarin, ko durƙusawa bai yi ba ya ce duka huɗun sun mutu, in kawo kuɗin sababbi. Shin in saya, ko akwai abin da ya kamata a fara dubawa?
Mai hatsi, daga Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Kada ka fitar da kuɗin nan tukuna. Abu ne mawuyaci sensa huɗu su mutu rana ɗaya, sai fa idan an daki bambar ne ko wuta ta yi musu yawa, kuma wanda bai leƙa ƙarƙashin mota ba ba shi da hujjar yanke irin wannan hukunci. Ita kanta ƙarar da ta dame ka shaida ce mai amfani, domin tunda na'urar tana farkawa idan ka sa ribas kuma tana da muryar yin kuka, to fiyus ɗinta lafiya yake, makunnin ribas, wato abin da ke tayar da ita idan an sa giyar baya, yana aiki, ƙaramar lasifikar ma tana nan da ranta. Abin da ya rage shi ne a gano dalilin da ya sa take ganin kamar akwai bango manne da bayan motarka.

Kowace ɗaya daga cikin sensocin nan masu kama da maɓalli, fuskarta siririn faranti ne na alminiyam, a bayansa kuma an manna wani ɗan faifan tangaran na musamman wanda yake rawa idan an ba shi wuta, yake kuma fitar da 'yar wuta idan an kaɗa shi. Akwatin da ke sarrafa su yana sa farantin ya girgiza sau 40,000 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, sautin da kunnen mutum ba ya kamawa domin jinmu yana ƙarewa ne a wajen 20,000, sannan ya yi shiru ya saurari amsa-kuwwa, kamar dai yadda jemage yake gane hanyarsa a cikin duhu. Sauti yana cin mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska yana digiri 20, saboda haka abin da ke nesa da mita ɗaya, zuwa da dawowa ba ya wuce kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa. Da wannan ɗan lokacin akwatin yake lissafa tazara. Galibi yana fara ƙara jefi-jefi daga wajen mita ɗaya da rabi, yana ƙara sauri kana matsowa, idan ya rage kamar santimita 30 sai ƙarar ta haɗe ta zama ɗaya. Wasu sukan ɗora laifin ruɗewar sensa a kan zafin Gombe, amma ko a watan Afrilu da zafi ke kai digiri 40, gudun sauti bai wuce kimanin mita 355 ba, bambancin da ba zai haura santimita uku zuwa huɗu a mita ɗaya ba.

Ka ga ke nan ƙara ɗaya mara yankewa tana nufin ko dai amsa-kuwwar tana dawowa nan take, ko kuma akwatin ya daina jin wata daga cikin sensocin, kuma motar da ta fito daga taɓo, wanda za a fara tuhuma shi ne taɓon. Lakar fadama idan ta bushe takan yi tauri kamar siminti, kuma wankin da ake yi wa mota a tsaitsaye ba ya fitar da wadda ta shige cikin siririn zagayen da ke tsakanin fuskar sensa da gidanta. A wannan zagayen akwai zoben roba wanda aikinsa shi ne raba farantin da jikin bamba domin ya yi rawarsa shi kaɗai. Idan laka ta cike wurin ta daskare, girgizar takan bi ta shiga bamba ta dawo, sai akwatin ya ɗauka wani abu ne a gabansa. Ka sami tsumma mai laushi da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori, ka jiƙa wurin ya yi laushi kafin ka goge, kada ka sa ƙusa ko bakin sukudireba domin ƙarzar farantin kaɗai tana iya kashe shi. Ka kwanta ka leƙa ta bayan bambar ma, inda laka kan taru ta danne sensa da soket ɗinta gaba ɗaya. Idan ka kai wurin wankin mota, ka hana yaran kafa bakin injin feshi daf da sensa, domin ƙarfin ruwan yana tura danshi ya wuce robar.

Bayan wanki sai ka tambayi kanka inda samarin da suka turo motar suka sa hannuwansu da kafaɗunsu. A a-kori-kura babu wurin turi sai ƙyauren bodi da bamba. Ka ajiye motar a kan daɓe mai daidai, babu kaya a bodi, ka tsuguna ta gefe ka dubi bambar da kyau. Idan ta ɗan sunkuya ƙasa, ko ɗaya daga cikin sensocin ta nutse ciki ta bar sauran, ko ta karkace domin abin da ke riƙe ta ya karye, ka sami mai laifi. Sensar da ta kalli ƙasa, ƙasar take ji, wadda ta nutse kuma bakin ramin da take ciki take ji. Ga ku masu hatsi akwai ƙarin bayani a nan. Yawancin ƙananan a-kori-kura an yi su ne domin kayan da bai wuce kusan tan ɗaya ba, wato buhu goma na mai kilo 100, amma na sha ganin ana ɗora musu fiye da haka nesa ba kusa ba. Idan baya ya zauna, bamba takan sauko ta kuma kalli ƙasa, sai sensa ta riƙa kuka a kan tsakuwa da ciyawa alhali lafiyarta ƙalau, kuma sifirin da ya gaji yakan bar motar a haka ko bayan an sauke kayan.

Idan duk wannan bai kawo shiru ba, sai a saurare su ɗaya bayan ɗaya. A ja birkin hannu, a sa duwatsu a gaba da bayan taya, a murɗa makulli fitilun dashbod su kama ba tare da an tayar da injin ba, a sa giya a ribas, sannan wani babba ya zauna a kujerar direba ƙafarsa a kan birki. Ka kai kunnenka daf da kowace sensa. Mai rai tana yin wani ɗan ƙas-ƙas a hankali kamar agogon hannu, idan kuma ka ɗora fatar yatsa a kanta sama-sama za ka ji ɗan tsikari. Wanda shekaru suka fara rage masa ji, ko yake wuri mai hayaniya, ya buɗe wurin ɗaukar murya a wayarsa ya manna ta kusa da kowace ɗaya na daƙiƙa biyar, ya saurara daga baya. Akwai motocin da ba sa kunna na'urar sai injin yana aiki, irin waɗannan kada ka tsaya a bayansu da kanka, ka bar wa gareji.

Wadda ta yi shiru a cikinsu ita ce abar zargi, amma har yanzu ba a kama ta da laifi ba, domin tana iya yin shiru saboda wuta ba ta isowa gare ta. Ka zare soket ɗinta ka duba ciki da tocila. Ruwa, ko farin gari, ko kore-koren tsatsa a kan fil ɗin, duk alamu ne na cewa taɓon ya shiga. A wanke da maganin feshin da ake wanke soket da shi, a bar shi ya bushe sarai, a mayar har sai an ji ya ce ƙas. Idan bai gyaru ba, sai a yi gwajin da na fi yarda da shi, wanda ba ya cin ko sisi: a musanya ta da maƙwabciyarta. Idan shirun ya bi sensar zuwa sabon wurin, ita ce ta mutu, ita kaɗai za ka saya. Idan kuwa shirun ya tsaya a tsohon wurin, to waya ce ko soket, kuma ko sensa goma ka saya ba za ta gyaru ba. A duba lambar da ke bayansu kafin musanyar, domin a wasu motocin na kusurwa sun bambanta da na tsakiya. A wasu kuma an jera su ne a kan layi ɗaya kamar carbi, ta yadda yankewar waya a wuri ɗaya kan kashe duk na bayanta, kuma wannan ne kan sa mai gaggawa ya ce duka sun mutu.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Na sayi sabuwar sensa na ɗaura wa wata mota da ke jigilar masara, ƙarar ba ta daina ba, sai da na bi wayar da hannu taƙi bayan taƙi a jikin ƙarfen ƙasan mota na tarar ɓera ya ci rigarta a saman tayar safaya, jan ƙarfen yana taɓa bodi. Motar da ke kwana da ragowar hatsi a bodi gidan ɓeraye ce, saboda haka ka sa a bi taka wayar tun daga bamba har inda ta shige cikin mota.

Sensar kamfani yawanci waya uku gare ta: ta kawo wuta, ta komawa jikin ƙarfe, da ta kai saƙo. Wasu kamfanoni suna ba ta bolt 12, wasu ƙasa da haka, don haka hanya mafi sauƙi ita ce mai wayarin ya auna soket ɗin da ake zargi da mitar awon wuta ya kwatanta da na kusa da shi. Kada ka yarda ya soka allura a jikin waya domin awo, ramin nan ne ruwa zai bi ya ruɓar da ita bayan wata shida, kada kuma ya sa kwan gwaji a kan wayar saƙo. Idan za a sa kwamfuta, ka sani cewa ƙaramar nan mai arha da ake sokawa a soket mai fil 16 a ƙarƙashin sitiyari, galibi laifin injin kaɗai take karantawa, sai babba ce ke shiga sashen sensar ribas ta faɗi wacce ce a cikin huɗun. In har ta kama a saya, ka tafi kasuwa da tsohuwar a hannu a dace lamba da lamba. A ganina ta gwanjo ta asali da aka gwada a gabanka ta fi sabuwa mara suna.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni direba ne a Kumo. Motar maigidana ba ta zo da sensa ba, a kasuwa aka saya aka ɗaura mata bara. Yanzu ta yi shiru gaba ɗaya, sai dai wani lokaci idan na taka gargada ta yi ƙara sau ɗaya ta sake ɗaukewa. Maigida yana cewa ni na lalata ta. Ina mafita?
Direba, daga Kumo.

Amsa: Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, abin da gargada ke tayarwa ta kuma kashe, haɗin waya ne ya saki, kuma wannan aikin wanda ya ɗaura ne. Irin wadda ake saya a kwali ba ta da wata alaƙa da kwamfutar mota. Jar wayarta ana haɗa ta ne da wayar fitilar ribas, baƙar kuma a ɗaure ta a jikin ƙarfe, saboda haka ba ta samun wuta sai fitilar ribas ta kama. Da daddare ka juya bayan motar ga bango, ka sa ribas ka duba madubi ko farin haske ya fito.

Idan babu haske ko ɗaya, matsalar ta riga sensa, kuma ta fi ta muhimmanci domin kana ja da baya a duhu ba wanda ya sani. Ka fara da fiyus, zanen da ke jikin murfin akwatinsu zai nuna maka wanda ke riƙe fitilar ribas. Idan ya ƙone a sa mai lamba irin tasa, launinsu ma yana faɗa: ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20. Kada a naɗa masa silin waya ko takardar sigari kamar yadda ake yi a bakin hanya, domin fiyus ɗin da ya sake ƙonewa yana gaya maka ne akwai wayar da ke taɓa bodi, idan ka toshe masa baki wayarin ɗin ne zai ƙone a madadinsa. Idan fiyus lafiya yake, sai makunnin ribas, wanda a mota mai giyar hannu yake ɗaure a jikin giyabos da waya biyu. Mai wayarin zai zare soket ɗinsa ya haɗa bakin biyun na ɗan lokaci, idan fitila ta kama to makunnin ne ya gaji, kuma ba shi da tsada.

Idan kuwa fitila tana kamawa amma sensa shiru, to a kwance fitilar baya a dubi inda aka yi haɗin. Abin da na saba tararwa shi ne an fere waya an murɗa ta da hannu an naɗe da salatif, zafi ya narkar da gam ɗin, ruwa ya shiga, jan ƙarfen ya yi baƙi. A yanke wurin da ya ruɓe, a haɗa da dalma, a rufe da robar nan da ke tsukewa idan an gasa ta. Baƙar wayar ma a kwance ta, a kankare tsatsa da fenti har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure da noti sosai. Batir mai lafiya yana nuna kimanin bolt 12.6 idan mota tana kashe, ya kai wajen 14 idan injin yana aiki, kuma abin da ya isa bakin akwatin sensa bai kamata ya gaza na batir da yawa ba. Ana awon a riƙa girgiza wayoyin da hannu, inda lambar mita ta yi tsalle nan ciwon yake.

Sai kuma wurin da aka ajiye akwatin kansa. An ƙera shi ne domin but ɗin ƙaramar mota inda ruwa ba ya zuwa, a-kori-kura kuwa ba ta da but, sai masu ɗaurawa su cusa shi a bayan fitilar baya ko su ɗaure shi a ƙarƙashin bodi inda taya ke watsa masa ruwa da yashi. Idan ka buɗe shi ka ga farin gari a kan allon ciki, ya gama aiki. Sabon da za a sa a kai shi cikin gidan direba, bayan kujerar baya, ko da za a ƙara tsawon waya. Ka kuma duba filogin ƙaramar lasifikar, domin sau da yawa kaya ne ake turawa bayan kujera su fizge shi. Ka nuna wa maigidanka haɗin da aka kwance da idonsa, zai fi gamsuwa da shi a kan duk bayanin da za ka yi.

Tambaya: Injiniya, Allah ya ƙara basira. An daki bayan motata, sai na sa mai walda ya ƙera mini bambar ƙarfe mai kauri da ƙugiyar jan kaya, aka mayar da sensocin a jiki, aka fesa baƙin fenti. Tun daga nan take ƙara yadda ta ga dama, wani lokaci ma sai tirela ta tsaya kusa da ni take farawa.
Ɗan kwangila, daga Bajoga.

Amsa: Alhaji, amin, na gode. A nan abubuwa da dama ne suka taru, kuma kusan dukkansu daga sabuwar bambar suke. Ƙarfe yana ɗaukar girgiza fiye da roba nesa ba kusa ba, shi ya sa sensar da za ta zauna a bambar ƙarfe dole ta kasance cikin rigar roba da za ta raba ta da shi. Mai walda kan huda rami daidai wuyan sensa, ya jefar da zoben robar domin ya hana ta shiga, ya buga ta ciki da ƙarfi ko ya liƙe ta da gam mai tauri. Daga ranar bambar gaba ɗaya ta zama ganga, sensa tana bugawa tana jin kanta. A ciro su, a gyara ramukan a share kaifin bakinsu, a mayar da kowace da robarta. Irin na kwali galibi ramin milimita 22 suke so, kuma sukan zo da abin hudarsu a ciki.

A bayan kowace sensa akwai kibiya ko alamar da ke nuna sama, domin sautinta yana bazuwa ne da faɗi ta gefe da gefe, ya tsuke ta sama da ƙasa. Idan aka juya ta a kwance, faɗin nan sai ya koma kallon ƙasa. Tsayin da ya fi dacewa daga ƙasa shi ne wajen santimita 50 zuwa 60, fuskar tana kallon baya sak ko ta ɗan ɗaga kaɗan, kuma a tabbata ba a rikita jerinsu ba, ta hagu ta koma dama. Ƙugiyar da ka sa ma ka auna ta: idan ta fito ta shiga gaban sensocin tsakiya biyu, su a wurinsu turke ne da ba ya gusawa. Haka abin yake idan ka sauke ƙyauren bodi ko ka ɗauko rodi da katako suka zarce baya, wannan kukan gaskiya ne, maɓallin kashe na'urar da wasu motoci ke da shi aka tanada dominsa.

Fenti kuma siriri ɗaya sensa take ɗauka. Idan mai fenti ya yi mata shafi uku, ko ya cike zagayen robar, farantin ya yi nauyi ke nan, sai a wanke shi da dabara ba tare da ƙarza ba, in ya ƙi a sauya. Ina fata dai an cire kan batir da soket ɗin akwatin kafin a yi walda a jikin motar, domin wutar walda tana iya ƙona shi.

Maganar tirela kuwa ba lalacewa ba ce. Fitar iskar birkin manyan motoci tana ɗauke da irin siririn sautin da sensa ke saurare, haka ma injin iskar mai faci, kuma ku da ke hanyar Ashaka inda tirelolin siminti ba sa yankewa za ku fi kowa jin haka. Da motar ta wuce ƙarar za ta ɗauke.

Tambaya: Malam, ina yini. Direbanmu ya ja da baya a ƙofar gida ya karya ƙafar rumfa, tayar baya ɗaya kuma ta faɗa kwata. Ya rantse sensa ba ta yi ƙara ba. Lalacewa ta yi, ko shi ne bai kula ba? Ina da ƙananan jikoki a gidan, abin ya tsorata ni.
Wata uwa, daga Bolari.

Amsa: Hajiya, lafiya lau, Allah ya tsare gaba ya raya jikoki. Mai yiwuwa ne direban gaskiya ya faɗa kuma na'urar lafiyarta ƙalau. Sensa tana jin abin da ya mayar mata da sauti ne kawai. Kwata da rami ba sa mayar da komai, don haka ba za ta taɓa faɗarsu ba. Siririn ƙarfe kamar ƙafar rumfa, ko waya, ko sarƙa, abin da suke mayarwa kaɗan ne, musamman idan suka faɗo a tsakanin sensa biyu ko a can kusurwa. Abu mai laushi kamar buhun auduga ko tufafi masu kauri yana shanye sautin, abin da ya yi ƙasa da bamba kuma yakan shige ƙarƙashin inda take ji, wani lokaci ta fara ƙara daga nesa sannan ta yi shiru daidai lokacin da aka matso shi. Bambar a-kori-kura tana da tsayi, don haka yaro mai rarrafe ko ɗan akuya da ke kwance a inuwar mota suna cikin abin da za ta iya tsallakewa. Tsoronki yana kan hanya.

Domin ki raba gardama, ki sa a kashe injin a bar makulli a buɗe, a ja birkin hannu a sa ribas, wani ya riƙe babban kwali a tsaye ya taho da shi daga nisan mita biyu zuwa ga kowace sensa bi da bi. Ya kamata ƙarar ta fara kafin ya kai mita ɗaya, ta haɗe idan ya rage kamar taƙi ɗaya da rabi. Wadda ba ta amsa ba a bi ta da gwajin da na bayyana wa mai hatsi a sama. Ko ta amsa ko ba ta amsa ba, ki kafa wa direban doka cewa a ƙofar gida ba zai sa ribas ba sai ya zagaya bayan motar da ƙafarsa ya kuma san inda kowane yaro yake, kuma ya ja a hankali kamar tafiyar mutum, domin da sauri na'urar ba ta samun lokacin faɗakarwa. Idan da hali a ƙara mata kyamarar baya, wadda ita tana nuna kwata da turke. An fi ɗora ta kusa da hannun buɗe ƙyauren bodi, sai dai a sanar da direban cewa duk ranar da ya sauke ƙyauren domin dogon kaya, ƙasa kaɗai za ta riƙa nuna masa.